Zumar Waken Kaumi

A daminar 1974 ne Kaumi, mai sayar da gishiri a kasuwar Potiskum, ya fara taɓa noma. Wake ya shuka a bayan gidansa na unguwar Yindiski. Wata safiya ya tarar ganyen yana ƙyalli, yana danƙo. Ya dangwala ya lasa, ya ji zaƙi, nan take ya ƙwala wa maƙwabta kira.

"Ku zo ku ga albarka! Wakena zuma yake yi!"

Ya sake lasa a gabansu, har da lumshe ido. Matarsa Gumsu, wadda ta girma a gonakin Fika, ta matso ta juya ganye ɗaya. Ga ƙananan ƙwari baƙaƙe cunkus, tururuwa na kai-kawo a kansu.

"Maigida, darɓa ce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ruwan waken suke tsotsewa. Abin da kake lasa kuwa kashinsu ne."

Ashe maƙwabcinsa Ɗantala ya ji, ya maimaita wa sauran. Dariya ta ɓarke. Kaumi ya kurkure baki, ya yini yana barbaɗa wa waken toka, fuska a murtuke.

Ɗan waken da ya tsira, ƙosai Gumsu ta soya da shi. Ya ci abinsa, bai kira kowa ba.