Ɗigon da ke Tsayawa a Mararraba

Siddiƙa injiniya ce a Arlit, tana gwajin na'urar da ke sa motoci su sanar da juna isowarsu mararraba. Ta maƙala ɗaya a kamiyon mahaifinta Nomau, babbar motar ɗaukar kaya. A allonta kowace mota ɗigo ce. Ɗigon Nomau kuwa kullum da safe sai ya tsaya minti guda a bakin mararrabar hanyar Assamakka, ba dalili. Sau uku tana sauya na'urar.

"Baba, abin nan ya ishe ni!"

Ya leƙa allon. "Lafiyarta lau. Nan mamanki, Allah ya jiƙanta, take jirana da kunu, kina goye. Fatiha nake yi mata."

Washegari, da ɗigon ya tsaya, Siddiƙa ta ɗaga hannuwanta.