Maririn Gudaji

Duk garin Ɗanzomo babu yaron da bai san Malam Gudaji ya taɓa kashe mariri ba. Mene ne mariri kuma, wannan babu wanda ya sani. Shi kansa tsohon a bakin mahaifinsa ya ji sunan, ya yi masa daɗi, ya ɗauka ya ƙera masa jiki. Da la'asar yara za su kewaye shi a gindin darbejiya, mariri ya fito da haƙora kamar taɓarya, yana cinye shanu har da igiyarsu. Kowace shekara dabbar nan sai ta ƙara girma.

A cikin masu sauraro babu kamar jikarsa Muhsina, 'yar shekara shida, wadda yake kira amarya. Ita ce ke zama daf da gwiwarsa, ita ce ke harare duk wanda ya yi dariya. Gudaji yana son yarinyar nan fiye da goro, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Rannan gwaggonta Safara'u ta dawo daga Gumel da tsarabar littafi mai hotuna, irin wanda ke koya wa yara sunayen da ba su saba ji ba: ayu, tunku, dorina. Gudaji na tsakiyar labari, ya ɗana kibiya ke nan, sai ga Muhsina da littafin a buɗe.

"Kaka, Gwaggo ta ce wannan shi ne mariri."

Ya leƙa. Wata farar dabba ce siririya, mai dogayen ƙahoni da manyan idanu, ga ɗanta a gefe yana shan nono. Ko haƙori ɗaya ba a gani. Tsohon ya fara lalubo abin da zai ce, wai na littafi daban, na dajinsu daban.

Ashe Muhsina ba ta haƙora take ba. Ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Wannan ka kashe? Mai ɗan?"

"Ai amarya, wancan zamanin..."

"To wa ya ba ɗan nono?"

Ta matsa daga jikinsa ta koma bayan sauran yara, ta rungume littafin. Hawaye shar. Yara kuwa sun zuba masa ido, suna jiran kibiyar da suka saba ji ta shige ƙahon zuci.

Gudaji ya dubi taronsa, ya dubi inda gwiwarsa ta zama fili. Wallahi abin ya yi masa ciwo, domin wannan labari shi ne kaɗai sarautarsa a garin.

Ya gyara murya. "Na saki kibiyar," ya ce, "sai ta bi iska ta soki kuka. Mariri ya kaɗa wutsiya ya yi arewa da ɗansa. Ko gashinsa ban taɓa ba."

"Kai! Ashe kuskure ka yi!" in ji wani yaro. Suka fashe da dariya, suka watse suna shelar Malam Gudaji ya harbi kuka. Kafin magariba labarin ya kai bakin kasuwa.

Muhsina ta share ido da gefen hijabinta, ta dawo ta zauna, ta ɗora masa littafin a cinya.

"Gara da ba ka iya harbi ba," ta ce. "Buɗe na gaba."