Bangon da Aka Shafe Domin Baƙuwa

Otal ɗin ɗaki goma sha ɗaya ne, da matakalar katako wadda ko mage ta taka sai ta yi ƙara. Mahaifin mai otal ɗin ne ya gina shi shekarar da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a garin. Yanzu jirgi ya daina zuwa, ita kuma ta manyanta, kowa Goggo yake ce mata, har baƙin da suka girme ta.

Ana nan sai ga takarda: za a faɗaɗa titi, otal ɗin kuma yana kan hanya. Abu ɗaya ne zai hana a rushe shi, wato ofishin kula da tsofaffin gine-gine ya sa shi cikin jerinsa. Ran Laraba za su turo mai dubawa.

Goggo ta tsaya ta kalli bangon zaure, kunya ta kama ta. Shekara sittin matafiya suna rubuta sunayensu a kai, wani da fensir, wani da ƙusa, tun daga ƙasa har inda hannun dogo yake kaiwa. Ta aika aka kira tsohon mai fenti. Kwana biyu, bango ya yi fari fat.

Mai dubawar ta iso, wata matashiya da littafi a hannu. Ta gaisa, ta duba nan, ta duba can.

"Goggo, ina rubutun?"

"Wane rubutu, 'yar nan?"

"Sunayen matafiya. Ai su suka kawo ni. Gini irin wannan muna da su da yawa, bango irin naku ne babu."

Goggo ta nemi kujera ta zauna. "Ƙazantar nan? Don ke fa muka shafe ta!"

Mai fenti yana tsakar gida yana wanke burushi, kunnensa na zaure. Ya leƙo.

"Ku kwantar da hankalinku. Farar ƙasa ce, ruwa yana ɗauke ta."

"Ba fentin mai na ce ka sa ba?"

"Kin ce. Amma bangon nan ya girme ni, Goggo. Fentin mai hana shi numfashi yake yi, damina biyu ya fara zubewa. Ni ban taɓa yi wa tsohon bango haka ba."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Wa ya taɓa gama magana a gabanki?"

Matashiyar ta danne dariya. Ta jiƙa ƙyalle, ta dangwala a kusurwa a hankali, ta ce kada a kuskura a goga da ƙarfi. Farin ya narke, sai ga rabin suna ya fito, da shekara a ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe littafinta.

"Mu ɗauka yau ban zo ba. Sati biyu zan dawo."

Goggo ta naɗe hannun riga, ta ce a kawo bokiti uku.

"Uku?" in ji mai fenti.

"Ni da kai. Na ukun kuma na baƙuwa, tunda ba ta zo ba."