Saje Irmiya Yana Ƙirga Mutanensa

"Tsaya nan! Babu wanda zai wuce sai na ƙirga."

Baba Irmiya ne tsaye a tsakiyar layinmu a Mando, silifas ɗaya a ƙafarsa, ya tare mai keke da sandarsa. Bayan la'asar ne, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa.

"Baba, fasinja gare ni fa," in ji mai keken.

Na ƙarasa na riƙe hannunsa. "Sannu da aiki, Baba. Bar shi ya wuce, na ƙirga shi."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona. "Samuel? Ina ka shiga?"

Sunana Ja'afaru. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa tun ina yaro. Samuel ɗansa ne, sa'ana, kuma shekara ashirin da wani abu ke nan rabon kowa da ganinsa.

Baba Irmiya tsohon soja ne, amma ya fi daɗewa da alli a hannu fiye da bindiga. Kuratan sojoji yake koya wa tarihi. Labari ɗaya ya fi so, na wani janar da ya kafa ƙasa a can ƙetaren teku. Bai taɓa damuwa da faɗa mana sunansa ba, Janar kawai yake cewa, kamar maƙwabcinmu ne.

"Kun zaci cin yaƙi ne ya sa ya girma?" yakan tambaye mu, ni da Samuel. "An ci shi ya fi a ƙirga. Abin da ya iya shi ne ja da baya ba tare da ya zubar da mutanensa ba. Ya taɓa tsallakar da runduna kogi, abokan gaba suna binsu. Wa ya shiga kwale-kwalen ƙarshe?"

"Janar," mukan amsa, don mu samu mu tafi ƙwallo.

A shekarar rikici, da hayaƙi ya tashi ta wajen cikin gari, Baba ya tara Kiristocin layinmu, mutum talatin da ɗaya, ya jera su zuwa bariki da ƙafa. Mahaifina ya shiga gaba da hularsa da carbinsa, don duk wanda ya tare su ya fara ganinsa. Baba yana baya. A bakin ƙofar bariki ya ƙirga, ya samu talatin. Wasu sun ce Samuel ya koma ɗauko takardun makaranta, wasu sun ce kare ya koma kwancewa. Ba a ga gawarsa ba. Bayan ƙura ta lafa, sauran suka sayar da gidajensu suka koma kudancin kogi. Baba ya ƙi. "In ya dawo, wa zai tarar?" in ji shi.

Tun farkon daminar bana labaran biyu suka haɗe masa. Sai ya ce min sun tsallaka kogi cikin ƙanƙara a bayan kasuwar Mando. Sai ya tambaye ni ko an ba dawakai ciyawa. Wani lokacin shi ne Janar, wani lokacin Janar ne ya aike shi. Ni kaina na fara kasa tuna wanne na ji daga bakinsa ina yaro, wanne kuma ya faru a gaban idona.

Ranar da ya tare mai keke na kira 'yarsa Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce a Barnawa. Ta zo washegari, ta duba ƙafafunsa da suka kumbura, ta fito ta same ni a ƙofar gida.

"Yaya Ja'afaru, zuciyarsa ce. In bai zo wurina ba, ba zai kai wata ba. Sau uku ina kawo mota, sai ya ce mutanensa ba su cika ba." Ta goge fuskarta da gefen ɗankwali. "Tunda Samuel yake kiran ka, ka amsa mana."

"In yi masa ƙarya?"

"To in bar shi ya faɗi a kan titi?"

Na shiga gida na faɗa wa matata Kaltume. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Idan ka amsa kuma ya tambaye ka inda ka je duk shekarun nan, me za ka ce?"

"Ban sani ba."

"Idan kuma hankalinsa ya dawo a mota fa?"

"Shi ma ban sani ba, Kaltume."

Ranar Asabar da hantsi Rifkatu ta dawo da mijinta. Baba yana zaune a tsakar gidansa, an yi masa aski, jakarsa tana gefe. Ni dai na shiga ne da niyyar taya su ɗaukar kaya. Ban yanke komai ba.

Ya miƙe da ƙyar, ya dafa sanda, ya fara kiran sunaye. Sunayen mutanen ranar ne, wasu sun rasu, wasu ban ma tuna fuskarsu ba. Duk wanda ya kira, Rifkatu ce ke amsawa, "Yana nan, Baba." Bai tsallake ko ɗaya ba. Mutumin da ba ya iya tuna ko ya karya da safe.

"Samuel Irmiya."

Rifkatu ta sunkuyar da kai. Ina jin rediyon Kaltume ta bayan katanga.

"Samuel Irmiya!"

"Ga ni, Baba," na ji bakina ya faɗa.

Ya juyo gaba ɗaya. Na jira tambayar da Kaltume ta ce zai yi. Bai yi ba. Ya matso ya gyara min wuyan riga.

"Talatin da ɗaya," ya ce. "A tafi."

A bakin mota ya ƙi shiga sai da mijin Rifkatu ya zauna, ita ma ta zauna. Ya dube ni, na ce zan biyo su a baya. Ya gyaɗa kai ya shiga. Har an tayar da mota ya ƙwanƙwasa gilashi, aka sauke masa.

"Ja'afaru."

"Na'am, Baba."

"Ka gaida mahaifinka. Ka ce masa ya tsaya a gaba yadda ya kamata."

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina. Baba yana cikin waɗanda suka raka shi maƙabarta. Na tsaya a kan titi har motar ta sha kwana, ina juya maganar. Ya san ni ne tun farko? Ko a daidai lokacin ya gane? Ko kuwa yana ganin mu biyu ne, ni da Samuel, tsaye wuri ɗaya?

Ranar Laraba da azahar Rifkatu ta kira ni ina cikin aji. Baba ya rasu, ta ce, a kan kujera, bayan ya sha shayi. Na tambaye ta ko ya sake neman Samuel.

"Ko sau ɗaya. Barci kawai yake ta yi, Yaya. Ban taɓa ganin Baba yana barci haka ba."

Na so in tambaye ta ko abin da muka yi daidai ne, sai na ji tana kuka, na bari.

Da na iso gida hadari ya haɗu, iska tana kaɗa ƙofofi. Kaltume ta leƙa ta kan katanga, ta ɗauki mabuɗin da Rifkatu ta bar mana ta fita da sauri. Ashe akwai safa biyu koraye da suka manta a kan igiyar shanyar Baba. Ta kwaso su kafin ruwa ya sauko, ta ninke, sannan ta tsaya a ƙofar ɗakinmu riƙe da su, tana neman inda za ta ajiye.