Zaman Lafiyar Sannu-Sannu

Jinin da ya fantsama a jikin allo ya fara bushewa lokacin da Shugaban makaranta ya iso ajin. Malamin Lissafi na zaune a kan benci, ya naɗe hannunsa na dama da gefen rigarsa, ɗalibai sun yi cirko-cirko ba mai ko tari. Yaron da ya yanke shi da reza tuni ya tsallake katanga. Laifin malamin bai wuce ƙwace masa waya ana tsakiyar jarrabawa ba.

Kafin a tashi, Shugaba ya tara makaranta ya sanar da korar yaron. Yana komawa ofis Mataimakiyarsa ta biyo shi, ta tura ƙofa ta jingina da ita.

"Ranka ya daɗe, ka kuwa san ƙanen wane ne?"

"Ko ƙanen wane ne, ya tafi ke nan."

"Ƙanen Sannu-Sannu ne fa."

Shugaba ya ci gaba da jera takardun da ke kan tebur. Sannu-Sannu shi ne uban samarin da ke zama a tashar mota ta bayan kasuwa. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, daga nan ya samo sunan. Amma mutanen unguwa sun ce duk wanda ya tsaya ya yi wa doguwar gaisuwa, gara ya fara ɗaure kayansa.

Shugaba ya zuba ido yana jiran jifa ko gobara. Shiru. Sai ranar Litinin ya tarar da wasu samari zaune a kan dakalin da ke kallon ƙofar makaranta. Da ganinsa suka miƙe tsaye, suka cire huluna.

"Barka da asuba, Baba."

Ya amsa a ciki-ciki, ya wuce.

Daga nan abubuwa suka fara gyaruwa, gyaran da ya hana shi sakewa. Ramin da ke katangar baya, wanda ya gaji da kai kukansa ma'aikatar ilimi, aka wayi gari an toshe shi da bulo da siminti. Fankokin da aka sace daga ɗakin gwaje-gwaje suka dawo, an jera su a baranda, har an goge musu ƙura. Masu makara kuwa suka daina tafiyar ƙasaita. Da sun hango samarin riƙe da tsumagiya sai su ruga a guje, jakunkuna na dukan bayansu.

Shugaba ya je ya sami Darakta a ma'aikata, ya zayyana masa komai. Darakta ya saurara yana juya kofin shayi.

"Sun doki wani?"

"Tukuna dai."

"Sun zagi wani?"

"A'a, ranka ya daɗe, amma ai ba ma'aikatanmu ba ne. Ba ni na ɗauke su ba, ba ni kuma zan iya sallamar su."

Darakta ya yi dariya. "Malam, akwai makarantun da ko ƙyaure ba su da shi, kai an ba ka masu gadi kyauta kana ƙorafi? Je ka lallaɓa abinka. Ni dai kada in ji sunan makarantarka a rediyo."

A ofishin 'yan sanda ma, cewa aka yi zama a bakin titi ba laifi ba ne, idan sun yi wani abu ya dawo.

Ran nan da la'asar yana alwala a tsakar gida, sai ga Auta ta shigo hannu na dukan cinya. Ita ce ƙaramar 'yarsa, a makarantar take karatu.

"Ke, ina jakarki?"

"Ga ta can a zaure, ɗaya daga cikin masu gadinku ne ya riƙo mini. Baba, ashe suna da kirki. Sun ce in daina bi ta lungun masu walda, wai sun ga kullum ta nan nake yanke."

Maiɗakinsa, wadda ke kwashe shanya, ta tsaya cak da zane a hannu. Da yarinyar ta shige ɗaki, sai ta juyo gare shi.

"Malam, ka mayar musu da ɗansu mana. Ilimin duniya a kanka aka ɗora shi?"

"In mayar da shi, in dubi idon malamaina in ce musu me?"

"Ni kuma in dubi idon wa, in wani abu ya sami yarinyar nan?"

Ya tsaya yana kallon ruwan buta na tsiyaya a ƙasa.

Malamin Lissafi ya dawo aiki da yatsu biyu da suka ƙi lanƙwasuwa, alli na zame masa yana faɗuwa. Kullum zai shiga, samarin sai sun tare shi da fara'a: "Sannu Malam. Ya hannu? Sannu, Allah ya ƙara sauƙi." Bai cika mako ba ya nemi canjin wurin aiki. Shugaba ya so ya riƙe shi, amma da ya dubi hannun sai ya ƙyale shi. A ɗakin malamai kuwa kai ya rabu. Wasu na cewa a rufe makarantar, wasu na cewa rabon da su koyar cikin natsuwa irin haka har sun manta. Wata malama ma har ta fara yi wa ɗalibai barazana da cewa za ta haɗa su da 'yan ƙofa.

Sai kuma Baba Maigadi ya daina zuwa. Shugaba ya bi shi har gida, ya same shi a kan tabarma lafiyarsa ƙalau.

"An ce in huta, ranka ya daɗe," in ji tsohon, yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Wa ya ce?"

"Yaran kirki ne. Har makullan suka karɓa don kada in wahala."

Washegari da hantsi, Sannu-Sannu ya zo da kansa. Siriri ne, cikin farar riga mai guga, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya yi sallama. Yaron da aka kora na biye da shi, kansa a ƙasa, hannunsa na dama a ɗaure, rataye a wuya.

"Baba, ba roƙo na zo yi ba," in ji shi bayan ya zauna, cikin murya mai taushi. "Korar da ka yi masa daidai ce. Ga hannun da ya taɓa malami nan, na yi masa magana da shi."

Shugaba ya dubi yaron. Yaron bai ɗago ba. Shugaba da kansa ya karɓi yaron nan a aji ɗaya, lokacin da rigar makaranta ke kai masa gwiwa.

"Ban ce a yi masa haka ba."

"Ai ba sai ka ce ba, Baba. Tsakaninmu babu wannan." Ya gyara zama. "Dama wancan tsohon sito na bayan ɗakin gwaje-gwaje ne na ga babu kowa a ciki. Yara za su riƙa ajiye 'yan kayansu. Sannan manyan ɗaliban nan, akwai masu ƙwazo. Wasu har sun fara taya mu zama da yamma. Ba za mu bari su lalace ba."

Shugaba ya tattaro abin da ya rage masa na ƙarfin hali. "Ginin gwamnati ne. Ba ni da ikon bayar da shi."

"Haka ne." Sannu-Sannu ya gyaɗa kai cikin ladabi. "Ya Auta? Na ji tana son zama likita. Allah ya raya ta."

Wayar da ke kan tebur ta yi ƙara. Shugaba ya ɗauka. Shugabar makarantar 'yan mata ce ta ƙetaren titi, muryarta na fita tar har ana ji a ɗakin.

"Malam, gaskiya ka ciri tuta! Ko a taro jiya Darakta da kai ya yi misali. Ni kam ɓarayi sun hana ni sakat, har katifun ɗakin kwana sun fara ɗiba. Yaran nan da ke kula maka da ƙofa, don Allah a ina ka samo su? Ka haɗa ni da babbansu mana."

Shugaba ya tuna ɗakunan kwanan makarantar tata, da gajeriyar katangarsu.

"Malam? Kana ji na?"

Sannu-Sannu ya yi murmushi, ya miƙo hannu a hankali, tafinsa a buɗe, yana jiran wayar.