Yatsan Katako a Akwatin Sarki

Uwargida Mutemhab ba ta jira kwalekwale ya gama tsayawa ba, ta diro ta taka laka da takalmanta na fita biki. Da hantsi labari ya ƙetare kogi ya same ta a birnin Waset: an gano kogon da ɓarayin kaburbura suke jan gawawwaki su tuɓe su, an kuma kwaso waɗanda suka bari an kai rumfar masu naɗe gawa da ƙyalle. Cikin kaburburan da aka fasa har da na mijinta Nebwa, wanda ya riƙe rumbunan hatsin sarki a zamaninsa.

Hankalinta a tashe yake, don kowa ya san kurwar mamaci takan dawo duk faɗuwar rana ta nemi jikinta, kuma da suna take gane shi. Ita kuwa tuni ta sa an sassaƙa mata wuri a gefen Nebwa, tana jiran ranarta.

Warin kanwa da ƙaro ya tare ta tun daga bakin rumfa. Penbuyi, babban mai naɗin, ya taso yana goge hannu a zanensa.

"Sannu da zuwa, uwargida. Ga maigidan naki nan, mun shafe shi, mun fara naɗi. Saura suna kawai."

Ta dubi gawar da ke kan teburin dutse, baƙa wuluk, ta sake dubawa.

"Wannan ɗan guntun? Nebwa fa sai ya sunkuya yake shiga ɗakina."

"Aikin kanwa ne, uwargida. Duk wanda ta ci sai ya tsuke. Ke ma ranar da kika zo wurina da hannu ɗaya zan ɗaga ki."

"Sai ka yi ta jira, tsohon banza. Buɗe min ƙafarsa ta dama."

Ya warware yana gunaguni. Yatsu biyar suka bayyana, kowanne da farcensa. Mutemhab ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Nebwa ba shi da babban yatsa a dama. Ya gaya wa duk Waset kada ne ya cinye, alhali a gabana tulun giya ya suɓuce ya faɗo masa. Ni na sa aka sassaƙa masa na katako, ni na ɗaura masa da hannuna ranar da aka naɗe shi. Gawa nawa kuka samo ba suna?"

"Biyu. Wannan, da tsohon sarkin nan da aka fasa nasa kabarin bara."

"Yaya kuka gane sarkin?"

"Haba uwargida, ai dogo ne! Ga hanci irin na gunkinsa da ke ƙofar haikali. Ɓarayi sun kakkarya hannuwan dukansu garin zare mundaye, sai muka gicciya na dogon a ƙirji, yadda ake wa sarakuna."

"Yana ina?"

Penbuyi ya faɗa mata gaskiya. An riga an naɗe dogon, an buga hatimi, ba a daɗe da fita da shi ba zuwa dutsen da malaman haikali suke ɓoye gawawwakin sarakuna. In ya shiga can, ba mai sake sanin inda yake.

Jakin mai kawo ruwa na ɗaure a waje. Mutemhab ta kwance shi ta haye, tsohuwar da rabonta da hawan jaki tun tana budurwa. Penbuyi ya suri wuƙarsa ya biyo ta a guje yana kiran sunan Amun, abin bautarsu.

A gindin dutse suka cimma ayarin. Ta sha gabansu ta tsayar da jakin a tsakiyar hanya. Bukentef, malamin haikalin da ke jagorancin masu ɗaukar akwatin, ya gyara fatar damisar da ke kafaɗarsa.

"Iya, kauce. Sarki ne ke wucewa."

"Mijina ne ke wucewa, ɗana. Ku sauke shi."

Wani daga cikin masu ɗauka ya tuntsire da dariya, ya ce ashe suna da sarauniya a gari ba su sani ba. Bukentef bai yi dariya ba. Ya saurari labarin yatsan har ƙarshe, sannan ya ce cikin ladabi:

"Wataƙila wancan gajeren ba mijinki ba ne. Amma ɓarayi sukan ƙona wasu, mai yiwuwa naki na cikinsu. Kin san hukuncin karya hatimin sarki? In aka buɗe aka ga yatsu biyar, za a kankare sunanki daga dutse, kuma ba mai naɗe ki."

Ta sani. Ta tuna wurin nan da ta sa aka sassaƙa, da fentin da bai daɗe da bushewa ba. Amma me za ta yi da shi, in baƙo ne zai kwanta a gefenta har abada?

"Na yarda," ta ce. "Kai kuma ka tuna, in rana ta faɗi kurwar sarki ta zo ta tarar da mai awon alkama a akwatinta, wa za ta nema? Ni ko kai?"

Bukentef ya dubi rana, ya dubi akwatin. Ya ɗaga hannu aka sauke.

"Ƙafar dama kaɗai. Penbuyi, yi a hankali."

Malamin ya karya hatimin da kansa yana addu'a. Penbuyi ya durƙusa ya fara yanka, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ƙyalle ya bi ƙyalle, ƙaro ya daskare kamar dutse. Mutemhab ta leƙo daga kan jakin. Can bakin wuƙar ya daki wani abu.

Ƙwas!

Penbuyi ya ɓamɓare sauran da farce. Ga shi nan, yatsan katako, ƙasansa ya goge saboda yawan tafiya, ɗaure da igiyar fata mai ƙulli biyu, irin ƙullin da take yi wa bakin buhu.

"Maƙaryacin kada," ta ce, hawaye na zuba. "Na same ka."

Bukentef ya juya ga masu ɗaukar da sauri. "Ku koma rumfa! Sarki na can kwance ba suna, ƙafa a buɗe. Kafin rana ta faɗi a rubuta wa kowa nasa."

Suka juya da akwatin, yanzu da gudu-gudu. Penbuyi ya jero da jakin yana haki.

"Uwargida, abu ɗaya ne. Hannuwan nan ƙaro ya riga ya kama su. In na taɓa za su ruguje."

"Wato haka zai zauna, hannu a ƙirji?"

"Haka, sai ka ce mai ƙasar."

Mutemhab ta share ido da gefen mayafinta, dariya ta ƙwace mata.

"Bar masa. Mutumin da ya mai da tulu kada, me kake tsammani zai gaya wa mutanen lahira yanzu? Gara in je da wuri in faɗa musu gaskiya."

"To yaushe zan sa rai?"

"Na ce maka ka jira. Sai na ga an rubuta sunansa daidai tukuna, da idona."

Ta zunguri jakin da diddige, ta wuce gaban ayarin.