Motar Sista da Gyaran Yaya

Kwana tara ke nan motar Sista tana yi mata abu ɗaya. Da safe murɗa makulli ɗaya take tashi, ta kama hanya lafiya lau. Sai an kusa asibitin da take aikin jinya ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu, ta mutu a tsakiyar titi. Masu motoci su yi ta danna hon, ita kuwa ta fito da farin kayan aiki tana roƙon a tura ta gefe.

Yayanta, wanda ya yi ritaya bai san inda zai sa kansa ba, shi ya hana a kai ta gareji. Wai motar mahaifinsu ce, ya san ta tun tana sabuwa.

"Fulogi ne," in ji shi. Ya canza fulogi, ta mutu.

"To, batir." Aka sa sabon batir, ta mutu a gaban banki.

Ranar Asabar ya kwance kafireta, ya wanke ta da fetur a cikin robar wankin kayan yaranta. Gidan ya kwana biyu yana wari. Ranar Litinin motar ta mutu a daidai inda ta saba.

Sista ta kira shi. "Yaya, don girman Allah ka ƙyale ni. Yau gareji za ta, ko a ka zan ɗauke ta."

Aka jawo ta da igiya zuwa wurin wani tsohon bakanike mai gilashi ɗaure da zare. Kafin a kwance igiyar Yaya ya iso a kan babur, yana bayani tun bai sauka ba. Tsohon bai ko kalle shi ba.

"'Yata, minti nawa take yi kafin ta mutu?"

"Kamar ashirin, Baba. In ta huta kuma sai ta tashi."

Bai buɗe bonet ba. Ya zaga baya, ya murɗe murfin tanki. Sai ga wani dogon tsaki, fuuu, iska tana rugawa ciki.

"Wa ya sa wannan murfin?"

Sista ta juya a hankali ta dubi yayanta.

"Tsohon murfin ya yi tsatsa, kwana goma ke nan na canza shi," Yaya ya ce yana sosa ƙeya. "Wannan ya fi kyau, har makulli gare shi."

"Kyau kam akwai," in ji tsohon. "Amma ba shi da kafar iska. Mai yana fita, iska ba ta shiga, sai tankin ya riƙe man. Kai ma toshe hancinka ka yi gudu mu gani."

Ya laluba cikin wani gwangwani, ya zaro murfi mai lanƙwasa da ya dace, ya ɗaura. Aikin bai kai minti uku ba.

Kwana tara na makara, da harara daga shugabarta, duk a kan murfi! Sista ta danne fushinta, don dai yayanta ne.

"Ai dama na yi zargin wajen tankin," Yaya ya ce.

"Yaya, hau babur ɗinka."

Ya bi ta a baya har ƙofar asibiti, motar ba ta yi ko tari ba. Tana fakin ya leƙo ta taga.

"Ke, kin ji wata 'yar ƙara ta gaba? Da yamma zan duba miki."

Ta ɗaga gilashi, ta kulle motar, ta jefa makullin can ƙasan jakarta.